BABI NA HUƊU: HANYOYIN SANYAYA ƘARAMAR KWAMFUTA A YANAYIN BIRNIN KEBBI DA ARGUNGU

4.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda ake sanyaya kwamfutar da aka harhaɗa cikin ɗan ƙaramin akwati, musamman a garuruwan Birnin Kebbi da Argungu na Jihar Kebbi. Za a fara da bayyana ma'anar ƙaramar kwamfuta da dalilin da ya sa ake son ta, sannan a dubi inda zafi ke fitowa da hanyar da yake bi ya fita. Daga nan za a nazarci yanayin garuruwan biyu, a kawo hanyoyin da suka dace da shi. Manufar babin ita ce a nuna cewa a ƙasa mai zafi irin ta Kabi, yawan fankoki ba ya isa ya sanyaya ƙaramin akwati. Abin da ya fi muhimmanci shi ne rage zafin tun daga tushensa, da gyara ɗakin da kwamfutar take. Duk digirin da aka ambata a babin na ma'aunin Salshiyos ne.

4.1 Ma'anar Ƙaramar Kwamfuta

Kwamfutar tebur tana ƙunshe da babban allo, wanda a kansa ake dasa sauran sassa, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi, da ma'ajiyar bayanai, da akwatin wuta mai rarraba lantarki, wani lokaci kuma har da katin hoto. Babban allon da aka fi sani shi ne samfurin ATX wanda kamfanin Intel na Amurka ya fito da shi a shekarar 1995, tsawonsa milimita 305, faɗinsa 244. Akwatin da ke ɗaukar irin wannan allo yakan kai girman lita 40 ko fiye. A shekarar 2001 kamfanin VIA na Taiwan ya fito da samfurin Mini-ITX, mai tsawon santimita 17 da faɗin santimita 17. Wannan allo ne ya ba masu harhaɗa kwamfuta damar cusa dukkan sassa cikin akwatin da bai kai lita 20 ba, wasu ma ƙasa da lita 10. Akwai kuma waɗanda suka fi waɗannan ƙanƙanta, kamar NUC da Intel ya yi ta ƙerawa har zuwa 2023 lokacin da ya miƙa aikin ga kamfanin ASUS, da Raspberry Pi da aka fara sayarwa a Ingila a 2012, wadda ba ta wuce tafin hannu ba.

Dalilan da suka sa ake sha'awar irin wannan kwamfuta a Birnin Kebbi da Argungu a bayyane suke. Na farko, shagunan buga takardu da na rajistar jarrabawa galibi ƙanana ne, wuri yana da tsada a cikinsu. Na biyu, da yawa daga cikin ƙananan kwamfutoci ba su cin wuta sosai, saboda haka suna iya aiki da sola da batir da inbata a lokacin da aka ɗauke wuta. Na uku, suna da sauƙin ɗauka da adanawa. Sai dai ƙanƙantar da ta jawo waɗannan alfanu ita ce kuma ta haifar da matsalar zafi.

4.2 Tushen Zafi a Cikin Kwamfuta

Kusan duk wutar lantarkin da ta shiga kwamfuta zafi take komawa. Ke nan kwamfutar da ke jan wat 100 tana fitar da zafi daidai da ƙwan lantarki irin na da mai wat 100, wanda duk wanda ya taɓa shi yana kunne ya san ƙunarsa. Sassan da suka fi haifar da zafi su ne kamar haka:

i. Furosesa. Na kwamfutar tebur ta yau da kullum yakan kasance mai wat 65. Akwai mai wat 35, akwai na kwamfutar tafi-da-gidanka mai wat 15, akwai kuma Intel N100 na shekarar 2023 mai wat 6 kacal. Manyan furosesoshi kuwa suna iya haura wat 200 idan aiki ya yi nauyi.

ii. Katin hoto. Ƙarami yana tsayawa a wat 75 ko ƙasa da haka, babba kuma irin RTX 4090 na kamfanin Nvidia yana kai wat 450.

iii. Akwatin wuta. Wani kaso na lantarkin da ya shiga cikinsa yana salwanta ya zama zafi kafin ya isa ga sauran sassa.

iv. Ma'ajiyar bayanai da ƙananan sassan da ke daidaita wuta a kan babban allo.

Kowane furosesa yana da iyakar zafin da zai iya jurewa. Mafi yawan na Intel suna da iyaka wajen digiri 100, da yawa daga cikin na AMD kuma digiri 95, ita kuwa Raspberry Pi tana fara rage gudu daga digiri 80. Idan furosesa ya kai iyakarsa, sai ya rage saurinsa da kansa domin ya kare kansa, idan hakan bai wadatar ba sai kwamfutar ta mutu baki ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwamfutar da ke aiki lafiya da safe takan yi nauyi bayan azahar, har mai ita ya zaci cuta ce ta shiga manhajarta.

Bayan wannan akwai ɓarnar da ba a gani nan take. Masu ilmin lantarki suna da ƙa'idar da ke cewa ƙananan ma'ajiyan caji masu ruwa a ciki, waɗanda ake kira kafasito, ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin tsawon rayuwarsu. Wato kafasiton da zai yi shekara 8 a digiri 45, shekara 4 zai yi a digiri 55. Irin waɗannan sassa ne suka cika akwatin wuta.

4.3 Hanyar da Zafi Ke Bi Ya Fita

Zafi yana tafiya ne daga wuri mai zafi zuwa wurin da ya fi shi sanyi, kamar yadda ruwa ke gangarowa daga tudu zuwa fadama. A cikin kwamfuta yana bin matakai huɗu. Da farko yana fita daga furosesa ya ratsa wani mai mai kauri da ake shafawa a bayansa. Amfanin wannan mai shi ne cike ƙananan ramukan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, domin iskar da ke maƙalewa a cikinsu ba ta ɗaukar zafi. Jan ƙarfe ya fi iska saurin isar da zafi fiye da sau dubu goma. Mataki na biyu, zafin yana shiga matsotsar zafi, wato dunƙulen alminiyom ko jan ƙarfe mai fikafikai da yawa. Wasu matsotsan suna da bututun jan ƙarfe wanda aka tsotse iskar cikinsa aka zuba ɗan ruwa. Ruwan yana zama tururi a ɓangaren da ke kan furosesa, ya tafi wajen fikafikan ya huce ya koma ruwa, sannan ya dawo. Mataki na uku, fanka tana hura iska tsakanin fikafikan ta kwashe zafin. Mataki na huɗu, iskar da ta ɗumama tana fita daga akwatin zuwa cikin ɗaki.

A nan ne girman akwati ke da tasiri. A babban akwati ana iya sa matsotsar da ta kai tsayin santimita 15. A ƙaramin akwati kuwa sai gajera, kamar NH-L9i ta kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, wadda tsayinta milimita 37 ne. Haka kuma sassan suna matse da juna, wayoyi suna tare hanya, iskar da ta fito daga wannan sashe da zafinta ita wancan sashen zai shaƙa.

Ana iya lissafa yawan iskar da ake bukata. Domin a fitar da zafin wat 100, ba tare da iskar ta ƙara fiye da digiri 10 ba, sai an ratsa da kimanin lita 9 na iska a kowace daƙiƙa. Idan girman akwatin lita 9 ne, ma'anarsa dole a sauya dukkan iskar cikinsa sau ɗaya a kowace daƙiƙa. Idan kwamfutar mai wat 300 ce, sai an sauya ta sau uku.

Babban abin lura a nan shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki kawai take turawa. Saboda haka babu yadda za a yi sashen da ake sanyayawa da fanka ya fi iskar ɗakin sanyi, kuma duk digirin da ɗakin ya ƙara, furosesa ma zai ƙara kusan daidai da shi.

4.4 Yanayin Birnin Kebbi da Argungu

Birnin Kebbi, wadda ta zama hedikwatar jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991 lokacin da aka cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato, da Argungu, hedikwatar masarautar Kabi, duk suna gefen fadamar gulbin Rima ne. Yanayinsu ya kasu kashi uku dangane da abin da ya shafi kwamfuta.

4.4.1 Bazara

Daga watan Maris zuwa Mayu zafin rana yakan haura digiri 40 a inuwa. Shagon da aka rufa da kwano ba tare da silin ba yana iya fin waje zafi. Idan aka kwatanta wannan da abin da masu ƙera kwamfuta suka tanada, za a ga tazara. Alal misali kamfanin Apple ya bayyana cewa ƙaramar kwamfutarsa Mac mini an yi ta ne domin ta yi aiki a wurin da zafinsa yake tsakanin digiri 10 zuwa 35. Ke nan azahar ɗin watan Afrilu a Birnin Kebbi ta wuce wannan iyaka.

Misali zai ƙara fito da batun. A ɗauka wata matsotsa tana riƙe furosesa a digiri 60 sama da iskar ɗaki idan aiki ya yi nauyi. A ɗaki mai digiri 22, irin wanda ake gwada waɗannan kaya a Turai, furosesan zai tsaya a digiri 82, ya yi aikinsa lafiya. Wannan kwamfuta ɗin dai idan aka kawo ta shago mai digiri 42 a Argungu, lissafin zai kai digiri 102, wanda ya wuce iyaka. Babu abin da ya lalace a cikinta, wurin ne ya sauya. Wannan ya nuna cewa shawarar da aka bayar domin ƙasashe masu sanyi ba za a ɗauke ta yadda take ba sai an ƙara mata kimanin digiri 20.

Wani abin lura shi ne lokacin zafin ya yi daidai da lokacin da aka fi bukatar kwamfuta. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a ta zama ta kwamfuta gaba ɗaya tun daga 2015, kuma a 2024 an fara jarrabawar ranar 19 ga Afrilu, a 2025 kuma ranar 24 ga Afrilu, wato tsakiyar bazara.

4.4.2 Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska tana kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar hamada, wadda kwarin Bodele na ƙasar Cadi yana cikin manyan wuraren da take tasowa. Zafi yana sauka a wannan lokaci, amma ƙurar tana da laushi ƙwarai, tana shiga kowace kafa. Tana taruwa tsakanin fikafikan matsotsa har ta zama kamar auduga, ta toshe hanyar iska. Illarta ba ta bayyana a hunturu saboda akwai sanyi. Sai bazara ta shigo kwamfutar ta fuskanci zafi mafi tsanani da hanyoyin iskarta a toshe. Shagunan da ke bakin hanya marar kwalta, ko kusa da injin casar shinkafa inda buntu ke tashi, suna fama da ƙura a duk shekara.

4.4.3 Damina

Daga Yuni zuwa Satumba zafi yana raguwa, laima tana ƙaruwa, musamman a unguwannin da ke kusa da fadama. Ƙurar da ta kwanta a kan allo tana tsotsar danshi ta manne, tana iya jawo tsatsa ko haɗewar wuta. Haka kuma kyankyasai da tsaka suna neman ɗumin akwatin wuta su shige ciki.

4.5 Hanyoyin Sanyayawa

4.5.1 Rage Zafi Tun Daga Tushe

Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani. Zafin da ba a haifar ba, ba a bukatar fitar da shi. Mai shagon da aikinsa bai wuce rubuta takardu da cike fom a intanet da buga hotuna ba, furosesa mai wat 35 ko ƙasa da haka ya ishe shi, kuma ba ya bukatar katin hoto na dabam. Idan aka koma ga misalin da ya gabata, matsotsar da ta riƙe furosesa mai wat 65 a digiri 60 sama da ɗaki, za ta riƙe mai wat 35 a wajen digiri 32 sama da ɗaki. A shago mai digiri 42, wannan ya zama digiri 74, wanda yake nesa da iyaka.

Wanda ya riga ya sayi babban furosesa yana iya ƙayyade wutar da yake ja daga saitin babban allo. Ana kuma iya rage ƙarfin lantarkin da ake ba shi. Zafin yana bin ƙarfin lantarkin ne a ninke da kansa, saboda haka rage kashi 10 cikin 100 na ƙarfin yana rage kusan kashi 19 na zafin. Ko da saurin ya ɗan ragu, ya fi furosesan da ke tashi yana faɗuwa. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri ruwan sanyi ma zai dafa shi.

Akwatin wuta ma yana da muhimmanci. Wanda ingancinsa kashi 80 ne, idan zai bayar da wat 200 sai ya ja 250, ya zubar da wat 50 a matsayin zafi. Mai ingancin kashi 90 kuwa wat 22 kawai zai zubar. Ƙananan kwamfutocin da ke amfani da caja ta waje irin ta tafi-da-gidanka sun fi dacewa, domin wannan zafi yana tsayawa a wajen akwati.

4.5.2 Tsara Hanyar Iska

Dole iska ta sami ƙofar shiga da ƙofar fita, kuma su kasance a ɓangarori dabam-dabam, kamar ɗakin da tagoginsa ke fuskantar juna. Idan fankoki biyu suna turo iska zuwa ga juna, iskar za ta yi ta kewaya ne a ciki. Babbar fanka ɗaya ta fi ƙanana da yawa. Faɗin fanka mai milimita 120 ya ninka na mai milimita 80 sau biyu da kwata, saboda haka tana tura iska mai yawa ba tare da gudu da ƙara ba. Ya kamata fankar furosesa ta fuskanci ragar akwatin kai tsaye domin ta shaƙi iskar waje, a kuma ɗaure wayoyi a gefe.

4.5.3 Kariya Daga Ƙura

Ana sa matata mai laushi a ƙofar shigar iska, a kuma tsara fankokin yadda iskar da ke shiga za ta ɗan fi wadda ake fitarwa yawa. Ta haka iska za ta riƙa fita ta sauran ƙananan kafofi maimakon ƙura ta shigo ta cikinsu. Sai dai matata tana rage iska, kuma wadda ta toshe ta fi rashinta illa, don haka a hunturu tana bukatar kakkaɓewa akai-akai. Babban wankin kwamfuta ya dace a yi shi a ƙarshen Fabrairu, kafin zafi ya shigo. Ana kashe ta, a zare ta daga wuta, a hure ƙurar da bulowa a waje, tare da riƙe fanka da yatsa domin kada ta juya fiye da ƙima. Busasshiyar iskar hunturu tana tara tartsatsin lantarki a jikin mutum, saboda haka sai mai gyara ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya taɓa allo. Idan man bayan furosesa ya bushe, a goge shi a shafa sabo ɗan kaɗan.

4.5.4 Gyara Wurin Ajiya

Tun da iskar ɗaki ita ce ma'auni, duk digirin da aka rage wa ɗaki an rage wa furosesa. Sa silin a ƙarƙashin kwano, da rumfa ko bishiya a gefen yamma, da tagogi masu fuskantar juna, duk suna taimakawa. Magina na gargajiya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa soron ƙasa mai kaurin bango yake da sanyi da rana. Kada a ajiye kwamfuta a ƙasa inda ƙura ta fi yawa, ko cikin durowa, ko inda rana ke faɗowa ta taga, ko kusa da inbata da injin hoton takarda waɗanda su ma zafi suke fitarwa. Ƙyallen da ake rufe ta da shi saboda ƙura, a cire shi kafin a kunna ta.

A babban ɗaki lissafin ya fi haka nauyi. Ɗakin jarrabawa mai kwamfuta 250, kowace tana jan wat 30, yana samun zafin wat 7,500 daga na'urorin. Jikin mutumin da ke zaune yana fitar da kimanin wat 100, saboda haka ɗalibai 250 suna ƙara wat 25,000. Na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya tana kwashe kimanin wat 2,600, ke nan ana bukatar wajen guda 13, ban da zafin rufi da bango. Idan kwamfutocin masu wat 100 ne, adadin zai haura zuwa wajen guda 19.

4.5.5 Sanyayawa da Ruwa

Ruwa yana shiga batun ta fuska biyu. Ta farko ita ce na'urar da ke kewaya ruwa daga furosesa zuwa lagireto, kamar ta mota. Tana kwashe zafi da kyau, amma lagireton ma iskar ɗaki ce ke sanyaya shi, ga tsada, ga famfon da ke iya tsayawa, ga haɗarin yoyo, kuma kayan gyaranta ba su da sauƙin samu. Ta biyu ita ce sanyin da ake samu idan ruwa yana bushewa, irin na randa da tulu. A kan wannan hikima ce Muhammad Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, ya gina tukunya cikin tukunya ta adana kayan lambu, wadda ta sama masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Fankar ɗaki mai ruwa tana aiki da wannan ƙa'ida, kuma tana iya saukar da iska ƙasa da zafin waje a watannin Maris da Afrilu lokacin da iska take a bushe. Amfaninta yana raguwa idan laima ta shigo. Ɗakin za a sanyaya da ita, ba za a saita ta kai tsaye ga kwamfuta ba, domin danshi yana cutar da allo.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa kusan duk wutar da kwamfuta ta ja zafi take zama, kuma fanka ba ta iya saukar da furosesa ƙasa da zafin ɗakin da yake. An ga yadda bazarar Birnin Kebbi da Argungu ke cinye kimanin digiri 20 daga rarar da masu ƙera kaya suka tanada, da yadda ƙurar hunturu ke toshe hanyoyin iska gab da shigowar zafi. Bisa ga haka, tsarin da ya dace da mai harhaɗa ƙaramar kwamfuta a wannan yanki shi ne ya fara da zaɓen sassa marasa cin wuta gwargwadon aikinsa, sannan ya tsara hanyar iska, ya kare ta daga ƙura, ya kuma gyara ɗakin. Ga mai ƙaramin shago wanda jarinsa ke cikin akwati ɗaya, bin wannan tsari shi zai ba kwamfutar damar yin aiki a tsakiyar Afrilu, lokacin da masu bukatarta suka fi yawa. Babi na gaba zai dubi matsalar hawa da saukar wutar lantarki da hanyoyin kare kwamfuta daga gare ta.